Anti, sun ce in sa hannu kafin Juma'a

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki sakaya sunana. Shekarata 24, a Kaduna nake, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, albashina dubu 45. Tun ina sakandare nake rubuta waƙa, ni ke rubutawa ni ke sa mata kari ni ke rerawa da jita, irin masu sanyin nan ne ba na rawa ba, da Hausa nake yi ina ɗan sirkawa da Turanci. Wata huɗu da suka wuce na ɗora wata guntuwa da na yi wa marigayi babanmu a TikTok, ta zagaya sosai har mabiyana suka kai dubu 30. Shi ne wani mai kamfanin waƙa ya neme ni, ya ce zai ba ni miliyan 2 kafin alƙalami, kwantiragin shekara 5, duk waƙar da na yi tasu ce har da tsofaffin da ke cikin littafina, ni kashi 20 su kashi 80, sunan da nake waƙa da shi ma zai koma na kamfani. Ya ce sai na canza salo na koma na rawa don shi ke tafiya yanzu, kuma in ajiye koyarwa. Na ce ya ba ni takardar in je gida in duba ya hana, wai sirrin kamfani ne, in sa hannu kafin Juma'a ko ya ba wata. Mama kuma ko zancen ba ta son ji, ta ce ita ba ta haifi zabiya ba, kuma wa zai auri mawaƙiya. Ga kuɗin hayarmu saura wata biyu ya ƙare. Anti na gaji wallahi, shekara 6 ina fama ni kaɗai, ina tsoron in wannan damar ta wuce shikenan. Ƙawata ta ce ai mawaƙiyar nan ta Legas Tems ma ajiye aiki ta yi ta kama waƙa. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau uku na karanta saƙon nan naki kafin na iya fara amsawa, kuma tunda Juma'a ba jiranmu za ta yi ba bari in fara da mai zafin: kar ki sa hannu a takardar nan. Ba cewa nake kar ki taɓa shiga kamfani har abada ba, a'a, wannan takardar dai da aka hana ki tafiya da ita gida ita nake nufi. Mutumin da yake so ya riƙe muryarki shekara 5 amma ba zai iya barin takarda ta kwana ɗaya a hannunki ki nuna wa wani ba, toh wallahi ya san akwai abin da ke ciki wanda ba ya so idon wani ya gani. Ko fili mutum zai saya ai sai ya je ya taka da ƙafarsa, ya tambayi maƙwabta, ya nemi mai unguwa, balle abin da kika kwashe shekara 6 kina ginawa. Zancen zai ba wata kuwa, ke da kike Kaduna ki shiga Kasuwar Barci ki taya kaya ki ji, kowa cewa zai yi yanzun nan wani ya taya ya tafi ɗauko kuɗi. Shi ya neme ki fa, ba ke kika je ƙofarsa ba. Ya ga mutum dubu 30 sun taru a kan yarinya da jita ba tare da ya kashe ko sisi ba, abin da ya biyo kenan, kuma ranar Asabar ma suna nan ba inda za su.

Yanzu zo mu yi lissafin miliyan biyun nan, don na san ita ce ke hana ki barci, mai ɗaukar dubu 45 a wata a ce mata miliyan 2 ai dole zuciya ta buga, albashinki na wajen shekara uku da wata takwas kenan a dunƙule. Amma a harkar waƙa kusan ko'ina a duniya kuɗin kafin alƙalami ba kyauta ba ne, bashi ne aka sa masa riga mai kyau. Ba daga aljihunki za ki biya ba, daga kasonki za a riƙa cirewa har sai sun mayar da kuɗinsu, kuma ki lura da kyau, daga kasonki na ce ba daga abin da waƙa ta kawo gaba ɗaya ba. Ke kashi 20 gare ki. Kenan kafin kashi 20 ɗin nan ya cike miliyan 2 sai waƙoƙinki sun kawo miliyan 10, a lokacin su sun riga sun kwashi miliyan 8 nasu sun haɗa da biyun da suka ba ki, ke kuma ko kwabo bai ƙara shigowa hannunki ba. Wannan ma in ba su ɗora miki kuɗin situdiyo da na bidiyo da na talla ba, wanda yawanci ana ɗorawa. A ce sun kashe miliyan 3 a kan waɗannan suka rubuta a kanki, bashin ya koma miliyan 5, sai waƙa ta kawo miliyan 25 kafin ki ga sisi. Kuma wa ke riƙe da littafin lissafin? Su ne. In takardar ba ta ba ki ikon turo akanta ya duba ba, duk abin da suka ce an kashe shi kenan an kashe.

Amma duk wannan bai dame ni ba kamar maganar tsofaffin waƙoƙin da ke littafinki. Nan ne zuciyata ta sosu. Bari in warware miki wani abu da mawaƙa da yawa ba sa sani sai bayan an yi musu sakiyar da ba ruwa. Kowace waƙa abu biyu ce a wajen doka. Akwai ita kanta waƙar, wato baitoci da karin da kika ƙirƙira, akwai kuma ɗaukar da aka yi a situdiyo, sautin da aka naɗa, wanda 'yan harkar ke ce wa masta. Kamfani in ya biya kuɗin ɗauka yakan riƙe na biyun, wannan sananne ne ana yi. Na farkon kuwa shi ne gadon marubuci, kuma ke marubuciya ce kafin ki zama mai rerawa. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2022 aka sa mata hannu a watan Maris na 2023, waƙar da kika rubuta taki ce tun daga ranar da kika sa ta a takarda ko kika naɗe ta a waya, ba sai kin yi rajista ba, kuma kariyar tana nan har shekara 70 bayan ran mai ita. Kin ga kenan har jikokinki suna da rabo a ciki. Kuma dokar ta ce ba a sallama wannan haƙƙi da fatar baki, sai a rubuce. Shi ya sa yake matsa miki a kan sa hannu, don ya san in ba hannunki ba shi da komai.

Ki duba mawaƙiyar nan ta Amurka Taylor Swift, duk girmanta. Tana 'yar shekara 15 ta shiga wani kamfani a Amurka, ta yi musu albam shida, a 2019 aka sayar da kamfanin da duk mastocinta a ciki ga wanda ba ta so, ba yadda ta iya. Abin da ya cece ta shi ne ita ta rubuta waƙoƙin kuma ba ta rabu da wannan ɓangaren ba, sai ta koma situdiyo daga baya ta sake ɗaukar albam huɗu daga cikinsu sabo fil, sai a watan Mayu na 2025 ta samu ta saye na asalin da kuɗinta. Da a ce tun farko ta haɗa da rubutun ta sallama kamar yadda ake so ki yi, ko wannan ƙofar da ba ta samu ba. Toh ke ki tambayi kanki, waƙar da kika yi wa babanku, kin yarda wata rana a ce sai kin nemi izinin wani kafin ki ɗora ta?

Ba labarin nesa nake ba ki kawai ba. Akwai wani yaro ɗan maƙwabtanmu, murya kamar me, a cikin mota aka miƙa masa takarda a ƙofar wani situdiyo ya sa hannu a kan cinyarsa, aka ba shi waya sabuwa da 'yan kuɗi, ya shigo unguwa ranar kowa na taya shi murna har ni. Bayan kamar shekara uku muna tsaye da shi a bakin wani shagon masu tura waƙa a waya ina jiran a gyara min caja, sai ga muryarsa ta tashi a sifika, na juyo da fara'a zan yi masa magana na ga ya sunkuyar da kai yana murza ƙasa da silifas. Ashe sati biyu kafin nan ya ɗora waƙar a shafinsa na YouTube an sauke ta, kamfanin ya kai ƙorafi cewa tasu ce, kuma a takarda gaskiyarsu ne. Waƙar da ya rubuta a ɗakin mahaifiyarsa da hasken tocila. Har yau in na tuna yadda ya ce min “Anti ban karanta ba ne” sai in ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Ba na so in ji wannan maganar daga bakinki.

Sunan ma kar ki raina shi. Kin san mawaƙin nan na kudu Kizz Daniel? Da Kiss Daniel ake rubuta shi, rigimarsa da kamfaninsa na farko a 2017 ta kai su kotu, a 2018 ya canza rubutun sunan. Shi yana da ƙarfi da masoyan da za su bi shi duk inda ya koma. Ke in aka karɓe sunan, mutum dubu 30 ɗin nan da shafukan da suke bibiyarki a kai duk sun tafi tare da shi, ki dawo kina gabatar da kanki kamar baƙuwa.

Na san abin da ke ranki, za ki ce Anti duk na ji amma in na ƙi wa zai ƙara nemana. Akwai wata mawaƙiya a Ingila ana ce mata Raye, mahaifiyarta ma tana da jinin Gana, ita ma marubuciya ce kamar ke. A 2014 tana 'yar shekara 17 ta samu abin da kowane yaro mai waƙa ke mafarki, babban kamfani Polydor ya ɗauke ta a kan albam huɗu. Shekara bakwai tana ciki tana rubuta wa manya waƙa, ana sa muryarta a waƙoƙin rawa na wasu suna tashe, amma nata albam ɗin ko ɗaya ba a bari ya fita ba. A watan Yuni na 2021 abin ya ishe ta ta fito Twitter ta faɗa wa duniya, bayan 'yan makonni suka rabu. Ta fitar da albam ɗinta na farko da kanta a farkon 2023, irin waƙoƙin da take so da irin maganganun da take so ta yi, a bikin kyaututtukan waƙa na Birtaniya na 2024 ta kwashi kyauta shida a dare ɗaya, abin da ba wanda ya taɓa yi kafin ita. Ni ba kyaututtukan ne suka tsaya min a rai ba, shekara bakwai ɗin nan ce. Daga 17 zuwa 23, kusan shekarunki na yanzu, tana cikin kamfani amma a ɗaure. Kamfani yana iya ɗaukarki ya ajiye ki a lungu, ba su fitar da ke ba kuma ba su sake ki ba, musamman in kin ƙi yin salon da suke so ko sun samu wata sabuwa da ta fi ki tashe a wannan watan. Ke kina tsoron dama ta wuce ki, ni kuma ina tsoron ki shiga inda in dama ta gaske ta zo ba ki da ikon amsa sallamarta.

Kuma ki tsaya ki yi tunani a kan zancen canza salo. Mutanen da suka biyo ki ba rawa suka gani ba, yarinya suka ji tana yi wa babanta magana da murya mai sanyi, wasu cikinsu na tabbata sun tuna nasu iyayen sun share hawaye. Masu waƙar rawa da ta biki sun cika gari kuma sun iya, wasunsu sun fi shekara goma suna yi, in kika shiga layinsu ke ce ta baya. A naki layin kuwa mutum nawa ne ke riƙe jita suna irin wannan da Hausa? Abin da ya sa aka gan ki shi ake so ki jefar. In wata rana ke da kanki kika ji kina son yin mai ɗan motsi ki yi, ba laifi, amma ya zama daga ranki ya fito.

Sai dai ba zan yi miki daɗin baki ba, tsayawa da ƙafarki akwai wuya, kuma kuɗin sauraro ta intanet ba ya zuwa yadda yara ke zato. Spotify sai a 2021 ya shigo Najeriya, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin wata 12 ba ba sa biyan komai a kanta. Abin da ake biya ma ya danganta da ƙasar mai sauraro, na Najeriya bai kai na Amurka ko Ingila ba saboda kuɗin rajistar wata a nan kaɗan ne. YouTube kafin su fara ba ki kason talla a dogayen bidiyo sai kin tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Mu kuma a nan kin san halinmu, mutum ɗaya ya sauke ya tura wa unguwa guda ta Xender. Saboda haka mabiya dubu 30 ba albashi ba ne tukuna, alama ce dai cewa akwai masu jin ki. Shi ya sa nake roƙonki kar ki ajiye koyarwar nan yanzu, kar a saki reshe a kama ganye. Dubu 45 ba yawa amma tana zuwa duk wata, kuma ita ce ke ba ki bakin cewa a'a, mai jin yunwa ba ya iya ciniki. Ƙawarki ta yi gaskiya, Tems ta ajiye aikin ofis a 2018 ta kama waƙa, amma ki gaya mata sauran labarin, ta zauna ta koyi haɗa kiɗa da kanta ta hanyar kallon YouTube har ta fitar da waƙarta ta farko da hannunta, wato abin da ta yi shi ne ta rage dogaro da wasu, ke kuma ana so ki ajiye aiki ne don ki koma ba ki da kowa sai mutum ɗaya. Kuma wadda ta dace ita muke jin labarinta, waɗanda suka ajiye aiki abin bai yiwu ba ba mai hira da su.

Aikin koyarwa ma yana da wani alheri da ba kya gani saboda gajiya, ana tashi da rana, ga Asabar da Lahadi, ga hutu sau uku a shekara. Ki ɗauki hutun nan mai zuwa ki zaɓi waƙa huɗu ko biyar cikin littafin, waɗanda in kin rera su ke kanki kike jin tsigar jikinki na tashi, ki ɗauke su da kyau. Irin waƙarki ba ta son hayaniya, murya ce da jita, makirfo mai kyau ɗaya da ɗaki shiru sun isa. Wasu cikin durowar kaya suke shiga su rataya bargo su jira dare ya raba janaretocin unguwa su mutu sannan su ɗauka, kuma ya fito tas. Wata mawaƙiyar Amurka Billie Eilish da yayanta a ɗakin kwanansa na gidan iyayensu suka ɗauki albam ɗin da ya ci manyan kyaututtukan Grammy a 2020. In kuma situdiyo za ki je, ki biya furodusa kuɗin aikinsa ki karɓi fayilolinki gaba ɗaya a filashi ranar, kar ki bar su a kwamfutarsa da sunan sai an gama, kuma ku rubuta a takarda ko da rabin shafi ce, wa ya rubuta, wa ya yi kiɗa, kowa kashi nawa, ku sa hannu da kwanan wata tun ana dariya da juna. Audiomack kina iya ɗorawa kyauta kuma mutanenmu suna can sosai. Spotify da Apple Music da Boomplay kuwa ta hannun 'yan rarrabawa ake shiga, irin su DistroKid da TuneCore, ki biya kuɗin shekara su kai miki waƙar ko'ina mallakarki tana hannunki, sai dai da dala ake biya, ki nemi katin da ke aiki a waje. Imel da lambar sirri na kowane shafi su zama naki ke kaɗai, ko saurayi kar ki ba. Littafin nan kuma yau ɗin nan ki ɗauki hoton kowane shafi ki tura wa kanki ta imel don kwanan wata ya zauna, in kin samu sarari ki yi musu rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, ba dole ba ne amma hujja ce ranar rigima.

In kina ganin daga lungu ba a zuwa ko'ina, ki tuna da Mdou Moctar na Nijar, Buzu ne daga yankin Tawa. Gidansu ba sa son kiɗa, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa da katako da wayar birkin keke. Albam ɗinsa na farko a Sakkwato ya ɗauka a 2008, ba kamfani ba talla, daga waya zuwa waya ta katin memori waƙoƙin suka bi Sahara har wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi ya ji ɗaya ya shiga nemansa. Sai a 2020 ya shiga kamfanin Matador na Amurka, shekara 12 bayan Sakkwato, lokacin da ya riga ya zama shi ake nema kuma ba mai ce masa ya canza harshe ko salo. Kin ga ba kamfani ne haram ba, lokacin shiga da yadda aka shiga shi ne magana.

Toh mu dawo kan Mama, wadda a ganina ita ce rabin gajiyar da kike ji ko da ba ki faɗa ba. Shekara 6 kina abu a ɓoye-ɓoye a gidanku, kina rage murya in kin ji takunta, dole ki gaji. Dan Allah kar ki ɗauke ta a wadda ba ta waye ba. Matar da ta rasa miji take riƙe da gida, abin da take gani in an ce mawaƙiya daban ne da abin da kike gani, ita tana hango 'yarta a situdiyo ƙarfe goma na dare cikin maza, tana hango roƙo a gidan biki ana liƙa miki kuɗi a goshi, tana jin abin da dangin babanku za su ce, wai ga abin da tarbiyyar mace ta haifar. Kuma ki faɗa wa kanki gaskiya, mutumin da ya hana ki tafiya da takarda gida bai nuna tsoron nata yana da tushe ba? A wannan gaɓar ke da Mama ɓangare ɗaya kuke, ita ce dai ba ta sani ba tukuna.

Ina tambaya, ta taɓa jin waƙar da kika yi wa babanku kuwa, daga bakinki ba daga bakin 'yan gulma ba? In ba ta taɓa ba, ki nemi lokacin da hankalinta ke kwance, bayan isha'i an ci abinci ƙannenki sun kwanta, ki zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, kar ki ɗauko jita ma a karon farko, ki ce Mama akwai abin da na rubuta wa Baba ina so ki ji, ki karanta mata baitocin kawai. Kar ki nemi izinin komai a daren, kar ki kawo zancen kamfani ko kuɗi. In ta yi shiru ki bar ta da shirunta. Bayan kwana biyu sai ki gaya mata labarin miliyan biyun da bakinki, da yadda kika ƙi, da dalili, domin uwar da ta ji 'yarta ta ture miliyan 2 ga haya na jiransu saboda abin bai kwanta mata ba, za ta fara kallon yarinyar da wani ido. Sannan ki ba ta abin da za ta riƙe: ba zuwa situdiyo da dare, ba zuwa ke kaɗai sai da ƙaninki ko wata babba, ba waƙar da za ta ji kunyar a kunna a gabanta, aikinki na makaranta yana nan. In akwai kawu ko gwaggo da take jin maganarsu kuma suna da sauƙin kai, ki fara bi ta wajensu. In damuwarta ta ɓangaren addini ce, wannan fage na malamai ne kuma sun yi magana a kai da yawa, ku je tare wajen malamin da ku biyun kuka yarda da shi ku ji, ki shiga da niyyar sauraro ba da niyyar kayar da ita ba. Ba na miki alƙawarin za ta sauko a wata ɗaya, wataƙila ta ɗau shekara, wataƙila iyakar abin da za ki samu shi ne ta daina ɓata rai. Amma kar ki yarda ki sa hannu a wani abu a bayan idonta, in ya ɓaci ba ki da wajen kuka, kuma irin mutanen nan sun fi son yarinyar da ta ɓata da gida don ita ce ba ta da mai tsaya mata.

Zancen wa zai auri mawaƙiya kuwa, kar ki yi musu da ita a kai yanzu. Duk mai zuwa neman aurenki dai ya san da waƙar tun ranar farko, kar ki ɓoye, wanda zai tsaya ya tsaya da saninsa.

Haya kuma matsala ce ta wata biyu, kar ki magance ta da abin da zai ci shekara 5. Ku zauna da Mama da duk wanda ke taimaka muku ku je wajen mai gida tun yanzu a nemi ya karɓi rabi, ki shiga adashin malamai in ana yi a makarantarku ki roƙi ɗaukar farko, ki nemi yara biyu uku ki riƙa yi musu lesin da yamma. Kuma ga wata hanya a cikin baiwar taki, akwai mawaƙa da masu fim da masu talla da ke neman mai rubuta musu, kina iya rubuta sabuwa musamman don wani ki sayar da ita a kan farashin da kuka yi, kin san tun farko ta sayarwa ce, ba ki taɓa na littafin ba.

Shi kuma mutumin, kar ki yi faɗa da shi kar kuma ki je ke kaɗai ki gaya masa. Ki tura masa saƙo a rubuce cikin ladabi, ki ce kin gode da ya ga abin da kike yi, kina son ya turo miki takardar ta imel lauyanki ya duba, kuma kina buƙatar sati biyu. Lauya ba sai mai tsada ba, cikin iyayen yaran da kike koyarwa ko 'yan ajinku na da ba za a rasa ba, ki dai nemi wanda ya san harkar haƙƙin mallaka. In ya turo, toh sai a zauna a yi ciniki na gaskiya, tsofaffin waƙoƙi da suna a cire su daga zancen gaba ɗaya, shekara 5 ta koma waƙa uku ko huɗu a gwada juna, mastocin su dawo hannunki bayan wasu shekaru da za a rubuta, a sa cewa in ba su fitar da waƙa cikin wata shida ba kina da ikon tafiya da abinki, kuma duk kuɗin da za a kashe a kanki sai da sa hannunki. In kuma ya ƙi turowa ya hau fushi yana cewa kin raina shi, ki ajiye saƙonnin nasa kar ki goge. Ki rubuto min bayan Juma'a in ji yadda kuka yi da shi, da kuma abin da Mama ta ce da ta ji baitocin.